Sunan Kawu Eladio a Kan Shagon Giya

Akwai wani mutum mai suna Wilfredo, yana da shagon giya a unguwar ’yan Dominika, a wani gari a Amurka. Dokar jiharsu ta ce mutum ɗaya, lasisi ɗaya. Da ya tashi buɗe shago na biyu sai ya sa sunan kawunsa Eladio, wani tsoho da ba ya ma shan giya, aikinsa zama a bakin ƙofa yana buga wasan domino da abokansa.

Ana nan aka sassauta dokar, aka ce daga sabuwar shekara mutum zai iya mallakar shaguna da yawa. Nan da nan wakilan wani babban kamfani suka cika unguwar suna farautar lasisi.

Matar Wilfredo, Yudelka, ita ta fara lura mijinta ya canza. Zai ajiye cokali ya ce, “Yau ma an ga Kawu da mutumin kamfanin nan, suna cin kaza.”

“To ka tambaye shi mana,” in ji ta a hankali.

“In tambaye shi? Don ya san na gane? A takarda fa shagon nasa ne. In ya sa hannu ya sayar musu, na tashi a tutar babu.”

Ya fara ajiye mota a nesa yana leƙen tsohon. In Kawu ya yi dariya, ya ce dariyar cin amana ce. In ya sa sabuwar hula, ya ce kamfani ne ya saya masa. Ita kanta Yudelka har ta fara kallon hular.

Ranar wata Asabar Wilfredo ya hango Kawu da mutumin kamfanin zaune a ƙofar shago. Yudelka ta riƙe masa riga, ya fizge.

Kawu ya ɗago yana murmushi. “Ɗan ’yar’uwata, zo ka ci, kazar banza ce.”

“Tsohon banza dai! Nawa ya ba ka? Shagon nan nawa ne, kowa ya ji! Sunanka kawai na ara, ko kwalba ɗaya ba ka da ita a ciki!”

’Yan domino duk suka juyo. Mutumin kamfanin ya goge hannunsa, ya ce, “Ashe haka ne?” Ya tashi ya shiga motarsa.

Kawu Eladio ya juya ga Wilfredo. “Kai yaro, wata nawa ina cin kazarsa ina ce masa zan yi tunani? Ja masa rai nake yi, kada ya gano mu ya tona kafin sabuwar shekara, in mayar maka da abinka. Sabuwar dokar ba ta fara aiki ba tukuna, sarkin wayo.”

Ba a yi mako biyu ba hukuma ta kira su. Shaidu kuwa rabin unguwa. Aka ƙwace lasisin duka biyun saboda ɓoye mai shago na gaskiya, kamfanin ya samu abin da yake nema.

Yudelka ta dafa abinci ta kai wa tsohon don ba shi haƙuri. Ya karɓa, ya ce, “Ke ba ruwanki, ’yata. Amma ki ce masa kada ya zo.”

Darasi: Zargin da ka rufe a ciki ba tare da ka tambaya ba, shi zai sa ka rushe wanda yake tsare maka baya. Abin da aka gina a kan ɓoye-ɓoye kuma, bakin mai shi ne ke tona shi. Ku tura wa wanda kuka san yana saurin zargin nasa.