Ranar da Aka Kama Bakin Rumbu

Ku ajiye ɗinkin komar nan tukuna, ku juyo nan. Labarin da zan ba ku daga bakin kakana na ji shi, shi kuwa yana tsaye a gaɓa ranar da abin ya faru. In na kai ƙarshe zan yi shiru, hukunci naku ne.

A Tungar Barmo akwai wani tafki mai faɗi, wanda in ka tsaya a wannan gaɓa ba ka hango komai a waccan sai kawunan giginya. A cikinsa akwai wani giwan ruwa da masunta suka laƙaba wa suna Bakin Rumbu, domin waɗanda suka taɓa ganin ya buɗe baki sun rantse tulu zai shige bai taɓa gefe ba. Ba a ganinsa da damina, ba a ganinsa da rani. Sai kaka ta yi, an yanke gero, ruwa ya fara janyewa daga cikin ciyawar burugu, ƙananan kifaye sun rasa maɓoya, sannan yake tasowa. Za ka ga tafki kwance lumui kamar an shafe shi da tafin hannu, sai kawai ya dare, ka ji ƙara kamar katanga ta faɗi, tsuntsaye su tashi gaba ɗaya. Kafin ka waiwaya kifin ya koma, sai jiragen da ke ɗaure a gaɓa suna ta karo da juna.

Sarkin Ruwan garin, Tunau, ya yi shekara talatin yana bin kifin nan. Sau biyu yana cin kotonsa, sau biyu yana tsinke masa igiya. Har tsufa ya zo, yana ta rufe masa idanu. Ba shi da ɗa namiji, sai 'ya'yan ƙannensa uku da ya koya wa kamun kifi: Arzika da Labbo da Cindo, sa'o'in juna, kowanne magidanci. Da dattawa suka matsa masa ya nuna magaji, sai ya tara su ukun ya ce, "Ni dai ganin Bakin Rumbu ya wuce ni. Amma ina so in ɗora hannuna a kansa yana da rai, kafin a rufe ni da ƙasa. Wanda ya yi mini wannan, jirgina da sarautar ruwan nan nasa ne."

Arzika mutum ne marar yawan magana. Tun daga ranar ya daina jefa koma da kaka, lokacin da kowa ke cika jirgi da kifi. Kullum da sassafe sai ya tura jirginsa cikin burugu ya zauna, yana kallon ruwa kawai. Matarsa ta yi faɗa har ta gaji, mutanen gari suka ce aljanun ruwa sun shafe shi. Kaka uku ya yi a haka. Amma a kaka ta ukun ya san abin da ba wanda ya sani. Ya gane kifin yana kwana a gindin wata tsohuwar kirya da ruwa ya cinye tun wata shekarar ambaliya. Ya gane ba ya tasowa sai hantsi ya ɗumama ruwa kuma iska ta kwanta. Ya gane ba ya kallon mataccen koto, sai karfasa mai rai, kuma in inuwar jirgi ta gifta ta kansa, to ranar an yi sallama. Ya kuma san hannunsa ba zai iya riƙe wannan halitta ba. Sai ya je ya sami 'yan'uwansa ya ce, "Gobe ku zo mu tafi. Ta yamma za mu ɓullo masa, inuwarmu ta zauna a bayanmu. Kada wanda ya yi ko tari."

Labbo kuwa ƙarfi Allah ya ba shi, shi kaɗai yake kifa jirgi in za a yi masa gyara. Shi aka ba igiyar, ta rama ce mai kaurin yatsa. Arzika ya saki karfasar a hankali, suka yi tsit. Can sai ƙananan kifaye suka watse a saman ruwa kamar an watsa tsaba. Igiya ta miƙe, jirgi ya zabura. Sai ga shi ya fito, ya tsaya a kan wutsiyarsa, fari fat kamar azurfa a cikin rana, ya wangale bakin nan yana girgiza kai, ruwa na zuba daga jikinsa. Kakana ya ce matan da ke sussuka a tudu sun saki taɓarya, kowa na faɗin, "Subhanallahi!" Daga hantsi har la'asar kifin nan yana jan jirgi da maza uku a ciki, ya kai su gabas, ya dawo da su kudu. Labbo na tsaye, ya san lokacin da zai saki, ya san lokacin da zai ja. Tafukansa suka saluɓe, igiya ta yi ja da jini, bai ce wayyo ba. Da yatsunsa suka daina jin magana, sai ya naɗe igiyar a damtsensa. Arzika ya ce, "Labbo, kada ka naɗa!" Ya ce, "In ban naɗa ba ya tafi."

Gari duk ya taru a gaɓa. An zaunar da tsoho Tunau a kan turmi, yana ta tambaya, "Me kuke gani? Ku gaya mini, me kuke gani?"

Sai kifin ya tattara ƙarfin da ya rage masa ya nufi gindin kiryarsa. Fizga ɗaya, Labbo ya bar jirgi, ruwa ya rufe a kansa.

Cindo ba gwanin fatsa ba ne, har dariya ake yi masa a kan haka. Amma in koma ta maƙale a ƙarƙashin ruwa shi ake kira, domin yana nutso har a fara salati. Ya cije wuƙa a baki ya faɗa. A can ƙasa, cikin duhu da sanyi, ya tarar da Labbo manne da reshen kirya, kumfa na fita daga bakinsa. Da wani ne, da ya sara duk inda hannunsa ya kai. Shi kuwa ya bi igiyar da hannu, ya ji kifin ya kewaye reshe da ita har sau biyu, sai ya yanke tsakanin reshen da damtsen Labbo. Mutum ya kuɓuta, kifi na nan ɗaure. Ya turo Labbo sama, Arzika ya jawo shi cikin jirgi ya kifa shi har ya amayar da ruwa ya yi numfashi. Cindo ya shaƙi iska, ya ɗauki wata igiyar ya koma. Ya sami Bakin Rumbu kwance a gefensa, ya gaji, idonsa kamar ƙoƙo yana kallonsa. Ya zura hannu cikin bakin nan har kafaɗa, ya fitar da igiya ta kunnen kifin ya ƙulle, sannan ya yanke ta farkon. Da ya taso, jini na zuba daga hancinsa, ya rungume gefen jirgi.

A hankali suka jawo shi zuwa gaɓa, yana biye da jirgi, tsawonsa ya kusa na jirgin. Ba wanda ya yi guɗa, ba wanda ya yi kirari. Aka kama hannun Tunau aka shiga da shi ruwa har ƙirji. Ya ɗora tafinsa a kan kifin, ya bi shi da shafa tun daga baki, yana tafiya, yana tafiya. Da ya kai kan cikin kifin sai ya tsaya. Ya danna wurin a hankali. Hawaye suka zubo daga idanun nan da ba sa gani.

Ya ce, "Ashe mace ce. Cikinta fal da ƙwai. Shekara talatin ina farautar uwar tafkin nan ban sani ba. Ku kwance ta."

Wani daga gaɓa ya ce, "Ranka ya daɗe, naman da zai ishi gari duka!"

Ya ce, "Wanda ke cikinta zai ishi jikokinku."

Cindo ya kwance igiya. Tsoho ya tallafe ta da hannu biyu har ta dawo hayyacinta. Ta kaɗa wutsiya sau ɗaya, ruwan ya kusa kayar da shi, ta tafi ba gaggawa, mutane na bin bayanta da kallo har ya ɓace.

Da aka fito, Arzika ya durƙusa ya ce, "Baffa, bukatarka ta biya." Cikin su ukun ba wanda ya ce ni ne. Dattawa ne suka kasu uku. Wasu suka ce Arzika, domin ba don shi ba da har yau ana jefa koto inda babu komai, aka ce musu ai ko jiƙewa bai yi ba. Wasu suka ce Labbo, domin sanin gidan kifi ba kama shi ba ne, wuni guda ya yi yana karya ƙarfinta da fatar hannunsa, aka ce musu ai taurin kansa ne ya kusa jawo makoki. Wasu suka ce Cindo, domin da babu shi da an rasa kifi an rasa mutum, aka ce musu ai gajiyayyen kifi ya tarar, a wurin da wani ya nuna. Tunau ya saurari kowa, ya ce a ba shi kwana bakwai. Ana kwana biyar Allah ya karɓi abinsa, bai ambaci sunan kowa ba.

Jirgi ɗaya ne, sarauta ɗaya ce, ba a raba su. To, ku da kuka ji, tsakanin Arzika da Labbo da Cindo, wa za a naɗa Sarkin Ruwa?