Kwanon da Ake Siɗewa Tas

Akwai wani mutum mai aikin ban ruwa a lambun wani attajiri. Gwani ne, don bai taɓa yarda da damshin da ido ke gani ba. Sai ya tura yatsa cikin ƙasa a gindin shuka, ya ji ko ruwa ya kai saiwa.

A gida yana da mahaifiya, tsohuwa tukuf. Kowace safiya yakan sayo mata dambu, ya ajiye a bakin ƙofarta, ya rufe da faifai, ya ce, "Inna, ga abinci, na tafi." Da yamma ya tarar da kwano an siɗe shi tas, ya gode wa Allah.

Amma wani abu ya riƙa ɗaure masa kai. Rani ne, ba ya ba kajin gidan ko tsaba, ga su kuwa sai ƙiba suke yi, har zakaran yana tafiya da ƙyar. Da sun ga ya ɗauki bokiti zai tafi aiki, sai su yi layi a ƙofar Inna. Ya ce a ransa, "Su kuma waɗannan, wa ke ciyar da su?"

Wata rana ya fita, sai ya laɓe a bayan danga yana leƙe. Can ya ga tsohuwa ta jawo kwano, ta kai loma ɗaya, ta yi ta fama ta kasa haɗiyewa. Sai ta watsa wa kaji sauran. A ranar ya lura zaninta ya yi mata yawa, wuyan hannunta ya zama kamar sillen kara. Kunya da tausayi suka rufe shi.

Ya durƙusa ya ce, "Inna, tun yaushe?"

Ta ce, "Tun kaka. Maƙogwaro ya ƙi, sai abu mai ruwa."

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Kullum da gudu kake fita, ɗana. Na ji tsoro in tsayar da kai a kore ka."

Mutumin ya je ya gaya wa mai lambu. Mai lambu ya ce, "Ai da ma ba a ban ruwa da tsakar rana. Zaman me kake yi a gindin mangwaro?" Tun daga ranar yake zuwa gida da rana, ya dama kunu, ya ba ta da ludayi. Inna ta murmure, kaji suka koma tonon bola.

Ma'anar wannan misali ita ce: lambu aikinmu ne, aiki kuwa baiwar Allah ce, ba a ce a bar shi ba. Kwanon shi ne saƙon da muke aikawa gida, mu ɗauka mun gama. Yatsa cikin ƙasa shi ne zama da tambaya. Ubangiji da ya umarce mu mu girmama iyaye bai ce mu duba kwanonsu ba. Yau in an tashi daga sujada, kowa ya je ya zauna kusa da iyayensa, ya dubi wuyan hannunsu, ya tambaya.