Rigar Tanimu a Shingen Jimina

An yi wani bawan Allah a wani gari, ba sai na faɗi sunan garin ba, shekarun baya can, lokacin da rediyo ɗaya ke tara unguwa guda. Sunansa Tanimu. Na baya ku matso, ku bar hirar nan haka, don labarin nan da ku nake.

Tanimu ba malami ba ne, ba attajiri ba ne. Aikinsa a gidan namun daji na garin, wanda yara ke ce wa gidan zu. A can ɗin ma ba shi ne mai zaki ba, ba shi ne mai giwa ba, irin waɗanda ake nunawa da baki in sun wuce. Shi tsuntsaye aka ba shi. Ya share kashi, ya canza ruwa, ya watsa dawa, shekara ashirin da shida yana abu ɗaya. Yana zaune da matarsa Hansai a ɗaki biyu cikin gidajen ma'aikata, kuma duk faɗin duniyar nan ba su da wani wurin sa kai sai nan. Ranar da aiki ya tafi, ɗaki ma ya tafi.

Gidan yana da wata al'ada. Kowane ma'aikaci yana rataye da makullin shingensa a wuya, a jikin igiya. Ranar da aka ɗauke ka aiki ake rataya maka, ranar da aka sallame ka ake cirewa. Tsakanin ranakun nan biyu babu mai buɗe shingen wani, ko da manaja ne. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Cikin tsuntsayen Tanimu akwai namijin jimina, ana ce masa Dogo. Yana ɗan tsako aka kawo shi, bai fi zakara girma ba. Tanimu ne ya raine shi, yana yayyanka masa ganye, yana tsinto masa 'yan tsakuwoyin da zai haɗiya, har ya girma kansa ya wuce katanga. In ya ji takun Tanimu sai ya taho yana rangwaɗa, ya miƙo wuya ya ciro masa hula. Haka suke gaisawa kullum safiya.

To, duk shekara in an yi dogon hutun makaranta, damina ta zauna, gidan kan shirya makon yara. Iyaye su zo da tabarmi da kulolin abinci su baje ƙarƙashin itatuwan maina. Yara su hau lilo, su hau raƙumi, a yi gasar kwaikwayon kukan dabbobi, wanda ya fi iya kukan kura a ba shi littafi da fensir, uwarsa kuma ta koma gida da shi yana yi mata kukan kura har Sallah. Amma abin da kowane yaro ke jira shi ne Asabar ta ƙarshe, ranar da ake shigar da su goma-goma cikin shingen Dogo, kowa da ɗan ƙoƙon masara, Dogo ya ci a hannunsu, mai hoto ya ɗauka. Shekara uku ana yi, ko ƙwarzane ba a taɓa samu ba.

A shekara ta huɗu aka kawo sabon manaja, Alhaji Nasidi. Kada ku ɗauka mugu ne. Matashi ne mai son a ce an yi abu a zamaninsa, kuma wa ya tsira daga wannan a cikinmu? Ya sa aka kawo wa Dogo mace don shinge ya ƙara kyau. Ya sa aka yi sati biyu ana shela a rediyo. Ya gayyaci shugabannin makarantu da manyan gari, ya ce kowane ma'aikaci ya sa mafi kyawun kayansa ranar. Tanimu kuwa riga mai kyau ɗaya gare shi, shuɗiya, wadda Hansai ta sayar da akuyarta ta ɗinka masa, da ita yake zuwa Juma'a.

Ranar Laraba, ana saura kwana uku, Tanimu ya fito daga sallar asuba ya ji wani gurnani mai nauyi. Abokan aikinsa suka ce yau zaki ya tashi da yunwa. Shi kuwa ya san daga inda sautin ya fito. Ya je ya tarar da Dogo ya kumbura wuya, ƙwaurinsa da bakinsa sun yi jawur kamar an sa musu lalle. Ya yi masa fito yadda ya saba, Dogo bai zo ɗaukar hula ba. Tsayawa ya yi ƙyam tsakanin Tanimu da wani kurmin tafasa. Tanimu ya zagaya ta bayan waya ya leƙa, sai ga rami a cikin yashi, ga ƙwai biyu.

Ku da ba ku san jimina ba, ku saurara. Jimina ba ta harbi ta baya kamar jaki. Ta gaba take yi, da ƙafar da ke ɗauke da farce guda mai kauri, daga sama ta ja shi ƙasa. Namiji kuma in ya kai, ga mace, ga ƙwai, bai san wanda ya raine shi ba balle baƙo. Shekarun baya Dogo yaro ne. Bana ya zama uba.

Tanimu ya tafi ofis, ya cire takalmi, ya durƙusa ya yi bayani dalla-dalla. Manaja ya yi dariya, ya ce yanzu tsuntsun da ya raina da hannunsa yake tsoro? Ya ce a kwashe ƙwan mana a huta. Tanimu ya ce kwashewa sai dai ta ƙara fusata shi, jininsa ba zai sauka ba sai bayan makonni. Ya roƙa a bar yara su tsaya ta waje su gani. Nan fuskar manaja ta canza.

"Baba Tanimu, an riga an faɗa a rediyo. Ranar Asabar ko dai ka buɗe ƙofar nan, ko ka cire igiyar nan ka ajiye mini a kan tebur."

Da ya koma gida ya gaya wa Hansai, ba guɗa ta yi masa ba. Ni ba zan yi muku ƙarya in ce ta ce masa madalla ba. Tambayarsa ta yi ina za su dosa da tsufa, a tsakiyar damina. Ta ce tsuntsun nan ya san shi, in yana tsaye a wurin wataƙila ba abin da zai faru. Kuma jama'a, nan jarrabawar take, don maganarta ba shirme ba ce. Wataƙila ɗin gaskiya ce. Ana iya shiga a fito lafiya, a tafa, kowa ya watse, ɗaki ya tsira. Tanimu ya ji tsoro, tsoro na gaske, har tuwon da ta ajiye masa ya huce bai taɓa ba.

Can ya ce mata, "Hansai, in na buɗe aka fito lafiya, babu wanda zai san na yi caca da 'ya'yan mutane sai ni da Allah. Ni kuwa wannan sanin kaɗai ya ishe ni kasa barci. In kuma ba a fito lafiya ba, wane ɗaki ne zai ɓoye mu?"

Ta tashi ta wanke shuɗiyar riga, ta zuba gawayi a dutsen guga ta goge masa ita tas. Sannan ta shiga ɗaure tukwanenta da kwanukanta a zani.

Asabar ta zo, gari ya yi luf bayan ruwan safe, gidan zu ya cika maƙil. Aka yi lilo, aka yi raƙumi, aka yi kukan kura. Da hantsi aka jera yara a ƙofar shingen Dogo, layi har ya zagaya ramin kada. A gaban layin wata yarinya ce 'yar shekara shida, Jummala, an yi mata sabon kitso, ta riƙe ƙoƙonta da hannu biyu don kada masara ta zube. Tanimu na tsaye ya ba ƙofa baya, makulli a wuyansa.

Manaja ya yi masa alama da ido, bai motsa ba. Ya matso ya yi masa raɗa, bai motsa ba. Iyaye suka fara gunaguni. Wani ya ce tsohon nan na goro yake so, a ba shi mu wuce wurin. Wata ta ce hassada ce, don ba nasa 'ya'yan ba ne. Wani uba, da babbar rigarsa da komai, ya zo har gabansa ya nuna shi da yatsa ya kira shi mai kwasar kashin tsuntsu. Tanimu ya ji zafin maganar har cikin ransa, amma ya ci gaba da tare ƙofar. Daga ƙarshe manaja ya miƙa hannu a gaban kowa, ya ce a ba shi makulli.

Tanimu ya cire igiyar da shekara ashirin da shida ba ta bar wuyansa ba, ya riƙe a hannu.

"Ranka ya daɗe, makulli naku ne, zan ba ka. Alfarma ɗaya nake roƙo. Kafin ɗan mutum ya shiga, a bar rigata ta fara shiga."

Kafin a gane nufinsa ya tuɓe shuɗiyar riga, ya tsaya daga shi sai singileti mai huji a kafaɗa. Mutane suka kwashe da dariya. Bai kula ba. Ya ɗebo ciyawar raƙumi ya cusa cikin rigar, ya ɗaure ta a kan wata doguwar gora, ya kifa mata hularsa. Ya sunkuya ya auna tsayinta da kan Jummala, ya ce, "'Yata, ɗan tsaya haka," ya rage har ta zo daidai. Sannan ya zura gorar ta tsakanin waya, ya tsayar da rigar a daidai inda yara kan tsaya, ya ɗan girgiza ta.

Dogo ya baza fukafukai ya yi wani huci. Kafin ƙiftawar ido ya iso. Harbi ɗaya ya yi. Rigar ta tsage daga wuya har ƙasa, gorar ta karye biyu, ciyawa ta tashi sama, sannan ya hau kai yana tattakawa. Dariyar nan ta ɗauke kamar an yi ruwa an ɗauke. Uwar Jummala ta fizgo 'yarta ta rungume, masara ta watse a ƙasa, tana ta salati ba ta ma san tana yi ba.

Kuna tsammani jarrabawa ta ƙare? Yanzu ta biyu ta zo, kuma ni a wurina ta fi ta farko wuya. Mutanen nan da suka gama zaginsa suka juya kan manaja. Wa ya shirya wannan? Wa ya ce a shigar mana da yara? Uban nan mai babbar riga shi ne kan gaba, ai kun san irinsu. Kalma ɗaya Tanimu zai faɗa, ya ce tun Laraba na gaya masa, shi ke nan an gama da Alhaji Nasidi a garin. Ga makulli a hannunsa, ga gaskiya a bakinsa, ga wanda ya tozarta shi yana tsaye yana zufa.

Sai ya juya ya rusuna wa manaja kamar yadda ya saba, ya ce da murya sama, "Ranka ya daɗe, an gwada, an gani. Ga makulli. In ka ba da izini, sai in zagaya da yara ta bayan waya in nuna musu ƙwan, kada su koma gida ba su ga komai ba."

Bai yi ƙarya ba, bai kuma tona asiri ba. Alhaji Nasidi ya dube shi, ya dubi tsumman da ke ƙarƙashin ƙafar Dogo. Ya karɓi igiyar, ya mayar da ita wuyan Tanimu da kansa. Sannan ya ɗauki lasifika, ya gaya wa jama'a cewa tun ranar Laraba dattijon nan ya gargaɗe shi ya ƙi ji, laifin nasa ne, a yafe masa. Abin da tsawa ba za ta fitar daga bakinsa ba, rufin asiri ya fitar.

Haka Tanimu, da singiletinsa mai huji, ya yi ta zagayawa da yara goma-goma har la'asar. Yana nuna musu ƙwai daga nesa, yana ce musu Dogo ba mugu ba ne, 'ya'yansa yake karewa kamar yadda babanninsu za su kare su.

Na ga wasunku na jira in ce an ba shi mota ko kujerar Makka. Ba a ba shi ba. Washegari ya ɗauki tsintsiyarsa ya koma sharar kashi. Hansai ta kwance tukwanenta ta mayar inda suke, ta wanke abin da ya rage na riga, ta haɗa shi da zare da allura. Ɗinkin ya fito ɓaro-ɓaro daga wuya har ƙasa, kuma da rigar nan ya ci gaba da zuwa Juma'a har Allah Ya karɓi abinSa. Wadda ta ba ni labarin nan Jummala ce da bakinta, ta tsufa, jikokinta sha ɗaya. Ta ce har yau in ta tuna inda rigar ta fara tsagewa sai ta dafa ƙirjinta.

To jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi gida. Babu ɗayanku a nan da ba shi da makulli a wuya. Kai direba da ke kwasar 'yan makaranta, ka san birkin nan ya fara ja, kana cewa gobe. Ke mai abinci a ƙofar makaranta, kin shinshina miyar jiya kin ji yadda take. Kai mai gida, rijiyarka ba murfi, ga hutu an yi, yara sun cika tsakar gida. Dukanmu da kalma ɗaya muke lallashin kanmu, wataƙila ba abin da zai faru. Amana ita ce ka san abu, ka tsaya a kansa, ko za a yi maka dariya, ko abincinka ne zai tafi. In kuma Allah Ya nuna kai ne da gaskiya, kada ka hau kan ɗan'uwanka kana tattakawa, ka bar masa ƙofar da zai dawo ta ciki.

Riga in ta yage ana ɗinke ta, Hansai ta nuna mana. Ɗan mutum fa, wa zai ɗinka? Kowa ya shafa wuyansa yau ya ji makullin me aka rataya masa. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya tsare mana zuri'a, Ya jiƙan Tanimu da iyayenmu baki ɗaya.