Mai Hoton da Ya Gyara Fuskar 'Yarsa

Ya 'yan uwa, ku kife wayoyinku na ɗan lokaci, ku ba ni aron kunnuwanku.

An yi wani mutum mai ɗaukar hoto. Yana nan da ransa, don haka zan sakaya sunansa. Shagonsa ɗan ƙarami ne: shuɗin labule a bango, fitilu biyu, kujera mai juyawa, sai kwamfuta a lungu. A kan kwamfutar nan sana'ar take. In ka zo da ƙuraje ya share su, in kana da duhu ya ƙara maka haske, in kumatu sun yi yawa ya zaftare. Har tsiya ake yi masa, wai ko kakarka ka kai masa sai ya dawo maka da ita budurwa. Shi kuwa daɗin wannan kirari yake ji.

Yana da 'ya mai shekara goma sha biyar, baƙa, mai wushirya, mai yawan dariya, ga ƙurajen balaga a goshi. Kamar sa'o'inta, takan wuni tana kallon hotunan 'yan mata a waya, tana auna kanta da su, kullum kuma ita ce a ƙasa. Da yawa daga cikin hotunan nan daga hannun ubanta suka fito. Ya san ƙarya ce. Amma bai taɓa zaunar da ita ya ce mata ba haka masu su suke ba.

Ran nan yana neman hoton da zai yi tallar shago da shi, sai ya kira ta ya ɗora ta kan kujera, ya ce ta yi murmushi. Yarinya ta yi ta murna, Baba ya zaɓe ta. Da ta fita, hannu ya yi abin da ya saba. Ya share goshi, ya ja hanci, ya toshe wushirya, ya ƙara haske. Ya ɗora a shafin shagonsa, ya rubuta a ƙasa cewa 'yarsa ke nan.

Yabo ya yi ta zuba, aiki ya ƙaru. A makaranta kuwa ƙawaye suka riƙa kara waya kusa da fuskarta, suna tambayarta ko tana da 'yar uwa da aka ɓoye a gida.

Kun ga abin da ya yi? Da can da baƙi take gwada kanta. Yanzu an ba ta abokiyar gwaji mai sunanta, sanye da rigarta, kuma ubanta ne ya ƙera ta da hannunsa. Wace yarinya ce za ta ci wannan gasa?

Ta fara rufe baki in za ta yi dariya, daga baya ta bar dariyar gaba ɗaya. Abinci ya riƙa dawowa daga ɗakinta kamar yadda aka kai shi. Ta ce kanta na ciwo, ta daina zuwa makaranta. Da rana tsaka ana hira a falo, ita tana kwance ta juya wa ƙofa baya. Uwarta ta yi wa uban magana ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ya ce shagwaɓa ce, me ta rasa a gidan nan?

Sai wata ƙawa ta kawo mata wani haɗin man shafawa, wai cikin mako biyu za ta zama kamar hotonta. Ta shafa a ɓoye. Fuska ta kumbura, fata ta saluɓe.

A asibiti likita ya ja uban gefe. Ya ce fata za ta warke a hankali, ba ita ce damuwarsa ba. Ya ce yarinyar ta daɗe da ciwon damuwa, kuma ta faɗa masa da bakinta cewa ta gaji da rayuwa.

Mutumin nan ya shiga ya zauna a bakin gado. Ya ce mata ai ita kyakkyawa ce, bai san me ya kai ta ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba.

"Baba, da ina da kyau, me ka gyara?"



Da aka sallame ta, ta roƙi a kai ta gidan goggonta, likita ma ya ce a bar ta ta je. Shekara biyu ke nan. Tana shan magani, tana samun sauƙi. Amma in ya je, daga bayan ƙofa take gaishe shi, cikin ladabi, ba ta yarda ya ga fuskarta. Ya goge hoton, sai dai ya riga ya bazu a wayoyin mutane. Aikin ma ya gagare shi, duk fuskar da ya buɗe zai gyara sai hannu ya ƙi. Ya rufe shago. An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Wannan ta yi, kuma a gidan mai ita ta zubar da su.

Ya 'yan uwa, Allah ne Ya zana kowace fuska, bai kuma nemi gyaran kowa ba. Abin da 'ya'yanku ke gani a waya ba rayuwar mutane ba ce, abin da aka zaɓa ne aka wanke aka goge. Ku faɗa musu haka. In kun ga yaro ya yi shiru, ya ƙi ci, ya ƙi mutane, kada ku ce shagwaɓa ce. Ciwo ne, ku zauna da shi, ku kai shi wurin likita.

Kada kuma ku ɗauka ina maganar nan da hannu mai tsabta. Ni ma na ga hoton nan ranar da aka ɗora shi. Na san yarinyar tun tana goye, na san ba fuskarta ba ce. Duk da haka na rubuta "Masha Allah" a ƙarƙashinsa, kuma na tabbata ta karanta.

Allah Ya yafe mini, Ya yafe wa ubanta, Ya ba ta lafiya. Allah Ya kiyaye mu da zama sanadin hawayen 'ya'yanmu. Amin.