Manomin da ya sayar da irin cittarsa

Akwai wani manomin citta mai suna Dogara, da matarsa Rifkatu. Kowace kaka idan suka haƙe citta, kafin a tsaga ko ɗaya a shanya, sai Rifkatu ta zaɓi masu ido, ta tara su a gindin mangwaro, ta lulluɓe da ciyawa. Wannan shi ne iri. Ko yunwa ta kai su ga cin ganyen tafasa, ba a taɓa shi.

Wata shekara sai ga dillali da babbar mota, waya manne a kunne. Ya ce mutanen ƙetare suna neman citta ido rufe, dala kuma ta tashi, don haka zai biya abin da ba a taɓa biya ba a ƙauyen. Dogara ya sayar masa da busasshiya duka. Dillali ya hango tulin da ke gindin mangwaro, ya ce har wannan ma yana so.

Rifkatu ta ajiye taɓarya, ta ce, "Alhaji, su mutanen ƙetaren, da wane kuɗi za su biya ka?"

Ya ce da dala.

"To, mu ma ka biya mu da ita."

Dillali ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ya ce wa Dogara ashe a gidan nan uwargida ce mai wando. Maganar ta soki Dogara. Ran da Rifkatu ta tafi taron zumuntar mata a coci, ya aika aka kira motar dillali, aka kwashe irin. Ta dawo ta tarar da ciyawa a warwatse, kaji suna tono a wurin. Ya nuna mata damin kuɗi, ya ce idan damina ta matso zai sayi iri, har canji ya ragu. Ta dubi kuɗin, ta ce ba ta taɓa ganin takarda ta tsiro ba.

Ya zuba su a gwangwani, ya tura ƙarƙashin gado. Ɓarawo bai shiga ba, gara ba ta ci ba, amma kowace ranar kasuwa sai kuɗin su rame. Masara ta hau, gishiri ya hau, takin zamani ya fi ƙarfin talaka. Duk wanda ka tambaya sai ya ce dala ce.

Da hadari ya fara haɗuwa, Dogara ya ɗauki gwangwaninsa ya je wurin dillalin nan. Ga irinsa a cikin sito, ya gane shi, har ya fara fid da tsiro. Dillali ya faɗi farashi, Dogara ya zauna a ƙasa. Abin da ke hannunsa ba zai shuka ko gefen gona ba. Ya roƙa, aka ce masa ba laifin kowa ba ne, kasuwar duniya ce. A ƙarshe ya jinginar da gonar ubansa ga dillalin, shi da matarsa suka koma 'yan ƙwadago a cikinta.

Ranar biya, Rifkatu ta ƙi miƙa hannu. Ta ce, "Riƙe takardarka, Alhaji. Ni da citta za ka biya ni." Ya ce a kwaso mata gutsattsarin da aka share daga sito. Ta durƙusa ta tsince masu ido ɗaya bayan ɗaya, ta sa ya ƙara, ya ƙara, sai da ya gaji da bakinta. Ta shuka su a bayan madafa, wurin da bai fi shimfiɗar tabarma ba. Da yamma Dogara ya zo ya tsaya a kanta. Ba ta ɗaga kai ba, ta ce, "Maigida, wannan kam ka bar mini shi."

Ma'anar misalin nan, 'yan'uwa, ga ta. Dillali shi ne masu ƙarfin duniyar nan, waɗanda suke auna namu da kuɗin da ke narkewa, su auna nasu da wanda ba ya narkewa. Idan dala ta hau mu ne a ƙasa, idan ta sauka ba mu ji labari ba. Ubangiji yana ganin wannan awo, kuma akwai ranar da shi zai riƙe mudu. Iri shi ne abin da Allah ya damƙa maka don gobe: gonarka, 'ya'yanka, bangaskiyarka. Dogara kuwa yana nan zaune a cikinmu. Dariyar baƙo ta fi masa zafi bisa yunwar gidansa. Ku sayar da amfani, ku ja ciniki har mai saye ya yi gumi, ba zunubi ba ne. Amma duk wanda ya taya muku iri, ku sani gonar yake so, da ku a cikinta.