Wanda Ya Tsaya a Bayan Raga

A wani babban birni an yi wani mai tsaron raga, sunansa Irmiya, yana buga wa ɗaya daga cikin manyan kulob na ƙasar. Dogo ne, ga tafin hannu kamar faifai. Ya daɗe a raga, har yaran unguwa in sun cafke ƙwallon tsumma sai su kira sunansa.

Amma akwai abin da yake cin ransa. Mahaifinsa mai gyaran keke ne, mutum marar yawan magana, kuma ya so autansa ya gaji sana'ar. Ranar da Irmiya ya ɗauki jaka zai tafi, tsohon bai sa albarka ba, bai kuma hana ba, ya dai ci gaba da liƙin tayar da ke gabansa. Irmiya ya ɗauka shirun nan fushi ne. Ya ce a ransa, "Ba zan koma gida ba sai da kofi a hannuna. Ran nan zai ɗaga kai ya dube ni." Shekara ta bi shekara, kofi bai zo ba, shi ma bai je ba. Garin nasu kuwa ba wani nisa ba ne, kunya ce ta mai da shi nesa.

To, filin wasansu yana da wata al'ada. Bayan raga babu kujeru, a tsaye ake kallo. Kowa yana so ya ga lokacin da 'yan wasansa za su ci, saboda haka magoya baya sukan taru a bayan ragar abokan hamayya. In an sauya gefe bayan hutun rabin lokaci, su ma sai su kwashi gangunansu su bi. Kun ga ke nan, kullum mutanen da ke bayan Irmiya masu fatan ya faɗi ne. Bakinsu kuwa sai Allah ya kiyaye, har kunnuwansa ba su bari ba wajen zagi. Don haka ya koya wa kansa kada ya waiwaya. Ko an ci shi, da kai a sunkuye yake shiga raga ya ɗauko ƙwallo ya fito.

Sai ga wasan ƙarshe na wata shekara mai wuya. In sun yi canjaras sun tsira, in an ci su kulob ya faɗa rukuni na ƙasa. Irmiya ya yi ta tashi sama yana faɗuwa ƙasa, bai bar komai ya wuce ba. Ana dab da tashi, wani ya bugo ƙwallo sanyi-sanyi, irin wadda ko kakarku za ta tare da bakin zani. Ya durƙusa zai ɗauka, ta sulluɓe masa, ta bi tsakanin ƙafafunsa, ta gangara cikin raga a hankali. Ba a jima ba alƙalin wasa ya busa tashi.

Abokan wasansa suka fice, ba wanda ya dube shi. Ya shiga raga don ya ɗauki tawul da gorar ruwansa. Ya zube, ya riƙe igiyar raga, ya fashe da kuka, yana tunanin yanzu kam ba shi da fuskar zuwa gida har abada.

Sai ya ji an kama yatsunsa ta waje. Hannu ne mai kaushi, mai ƙanshin baƙin mai. Wata murya ta ce, "Auta."

Ya ɗaga kai. Cikin masu rawa da ihu, ga tsoho guda a durƙushe, ba ya rawa.

"Baba? A ce sai yau ka zo, ranar da na kunyata ka?"

Tsohon ya ce, "Ba yau na fara ba. Tun da suka fara sa ka a raga nake zuwa. In kun juya, mutanenku su yi can, ni in yo nan."

"Cikin masu zagina, Baba?"

"Masu yi muku tafi sun isa a can. A nan ne ba ka da kowa. Na sha kiranka, ganga ta fi ni murya, kai kuma ba ka waiwaye." Ya ƙara matse yatsunsa. "Tashi mu je gida. Uwarka ta ce kada in dawo ni kaɗai."

Irmiya ya tashi. Ba kofi, ba komai, suka tafi tare.

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Mai tsaron ragar ni ne, kai ne, ke ce. Tsohon kuwa Ubanmu ne na sama. Da yawanmu mun sa a rai cewa Allah yana can gefen da ake tafi, sai mun yi abin kirki tukuna zai dube mu. Muna cewa, bari in daina kaza, bari in gyara halina, sa'an nan in koma sujada. Haka shekaru suke wucewa, abin tausayi, muna nesa da gida.

Amma Ubanmu ba ya bin taron masu murna ya bar ɗansa. Inda ake zarginka, inda ka fi jin kunya, nan yake tsayawa. Abin da Yesu ya yi ke nan da ya sauko cikin masu ba'a ya tsaya dominmu. Wani a cikinku ya faɗi jarrabawa, wata ta ɓata da iyayenta, wani ya koma ga zunubin da ya yi alkawarin bari. Na san nauyin da ke kanku, ni ma mutum ne. Kada ku jira sai kun gyaru. Ku tuba ku zo yadda kuke yau ɗin nan, gama ya riga ya san abin da ya faru, yana wurin aka yi, bai kuwa tafi ba.