Telan da Ya Cinye Kalmasa

An yi wani mutum a Wudil, tela ne mai kyan hannu. Sunansa dai Allah ya sani.

Kun san yadda iyaye mata ke yi. In za a ɗinka wa yaro kaya, sai su ce a bar kalmasa mai faɗi, in ya ƙara tsayi a warware. Da haka riga ɗaya ke kai talaka sallah biyu.

To, sai telan nan ya samo wani takalmin keke, ɗan ƙarfen nan da ke danne yadi a ƙarƙashin allura, mai naɗe bakin yadi siriri kamar tsinken tsintsiya. Ya riƙa yanke rarar yana ajiyewa. Sai ya sa wani takalmin ya ja layin ɗinki can sama, ya lulluɓe cikin da shafi. Kowa ya gani ya ce akwai kalmasa.

Abin da ya manta, yara ba sa daina girma.

Mas'uda, wata mata daga Indabo, ita ta fara dawo da rigar 'yarta don a warware kalmasar. Sai ya ce ai yanzu les ake yayi, ya ɗaura mata a bakin rigar kyauta. Ta tafi tana sa masa albarka. Washegari wata ta zo, jibi wata. Ya koma wuni yana ɗaura les, aikin kirki ya tsaya. In ya faɗi gaskiya ya tozarta, in ya yi shiru gobe ma ga wata.

Ana nan sai Malam Yahuza ya kawo wandon ɗansa. Wa zai sa wa namiji les? Tela ya ce a dawo gobe. Malam Yahuza ya ce, "Haba maigida, ba ni reza kawai, ai ba wani aiki ba ne." Ya farke a gaban mutane. Babu komai a ciki.

Kafin sati, gida-gida an farke. Shago ya mutu. Ya so ya mayar da haƙƙi, amma ƙyallayen ya riga ya harhaɗa su ya yi rigunan filo ya sayar. Na wa zai mayar, kuma da me? Har yau bai iya bi ta layin nan da rana.

Ya 'yan uwa, amana ba ta da ƙarama. Faɗin yatsa uku ma haƙƙi ne, kuma za a tambaye shi ranar da babu abin rufewa.

Allah ya kiyaye mu da cin abin da aka damƙa mana. Amin.